Ganau, jiyau, da mai riƙe da alƙalami

Darasin da ya fi zauna min a karatun littattafan matafiyan Turai na da shi ne in riƙa tambayar kowane shafi: mutumin nan gani ya yi ko ji ya yi? In kuma gani ya yi, wa ya rubuta masa, kuma don wa?

Wanda ya fi koya min wannan shi ne William na Rubruck, wani malamin Kirista da ya tafi ƙasar Mongol a 1253, ya kai har fadar babban sarkinsu Mongke Khan a Karakorum, sannan ya aika wa Sarki Louis na 9 na Faransa rahoto. Ba ya ƙara gishiri. Babban birnin da ake ta zuzutawa, ya ce in ka cire fadar sarki bai kai garin Saint-Denis na kusa da Faris ba. Ya taso yana karanta labaran mutane masu siffar dodanni a tsofaffin littattafan Latin, da ya isa can sai ya tambayi mutanen wurin, suka ce ba su taɓa ganin irinsu ba, shi ma ya rubuta shakkarsa a fili. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙorafinsa kan tafintansa: da ya fara tsintar harshen, sai ya gane yana faɗar abu ɗaya, tafinta yana zuba abin da ya ga dama. Matafiyin da zai gaya maka inda kunnensa ya gaza, shi nake ba amana.

To amma ba shi Turawa suka yi rububin karantawa ba. Littafin da ya ci kasuwa shi ne wanda aka jingina wa John Mandeville, wanda ya bayyana wajen 1357, cike da mutane marasa kai da masu kan kare. Kusan kwafi 300 na rubutun hannu sun saura zuwa yau. Mai shi kuwa, ko wane ne, yawanci harhaɗawa ya yi daga littattafan waɗanda suka yi tafiyar da gaske, irin su Odoric na Pordenone. Tun daga nan na daina ɗaukar shahara a matsayin hujja.

Marco Polo yana tsakani. Ya bar birnin Benis na Italiya a 1271, ya dawo a 1295, amma ba shi ya rubuta littafinsa ba. A gidan yarin Jenowa ya ba Rustichello labarin, shi kuwa Rustichello sana'arsa rubuta tatsuniyoyin jarumai. Saboda haka a littafi ɗaya za ka ga kuɗin takarda da baƙin dutse mai cin wuta, wato gawayin ƙasa, waɗanda gaskiya ne, sai kuma ka ci karo da yaƙe-yaƙen da aka tsara da salon mai tatsuniya. Nakan yi murmushi a wurin da ya ga karkanda a Sumatara: ya kira ta da sunan dabbar nan mai ƙaho ɗaya ta almarar Turai, yana mamakin muninta da son taɓonta. Idonsa bai yi ƙarya ba, sai dai ya auna da mudun gidansu.

Inda darasin ya zo gida shi ne littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An haife shi a Garanada, ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 aka miƙa shi ga Paparoma Leo na 10. Ya gama littafinsa da Italiyanci a 1526, Ramusio, wani mai tattara labaran matafiya, ya buga shi a Benis a 1550 bayan ya yi masa gyaran fuska. A ciki akwai Kano, Katsina, Gobir, Zazzau, Zamfara da Agadas, kuma mukan ji daɗin ganin sunayenmu a littafi mai wannan tsufa, har mu kwashe ba tacewa. Shi ne ya ce Askiya na Songhai ya ci Kano ya ɗora mata haraji, alhali tarihin sarakunan Kano da aka rubuta a gida bai ambaci haka ba, shi ya sa wasu masana ke ganin a bakin fatake ya ji labarin ƙasar Hausa. Ba na watsi da shi, domin jiyau a kasuwar Tumbutu ma shaida ce ta abin da ake faɗa a kanmu a lokacin. Amma littafin nan ne ya ce kogin Kwara yamma yake gangarawa, kuma masu zana taswira a Turai suka daɗe a kan haka, har Mungo Park, wani matafiyi ɗan Scotland, ya tsaya a bakinsa a garin Segu da ke Mali ta yau a 1796 ya ga ruwan yana yin gabas.