Buhu ɗari uku da na ƙi saye

Shekara bakwai na yi ina riƙe da sito da littafin lissafi a wani gidan burodi da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Na miƙa makullai tun ƙarshen 2023, amma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya ba da labarin.

Ranar Alhamis, 24 ga Fabrairun 2022, Rasha ta afka wa Yukren. A rediyon mai gadinmu na ji, ina tsaye ina ƙirga tiren da aka fito da su daga tanda, ko waiwayawa ban yi ba. Ranar Asabar dilan da muke sayen fulawa a hannunsa a Kasuwar Singa ta Kano ya kira ni. Ya ce, "Malam, ina da buhu ɗari uku a tsohon farashi. In kuna so ku turo kuɗi kafin Litinin, don ni kaina ban san yadda kamfani zai ba ni kaya nan gaba ba." Kuɗin suna nan a asusu. Alhaji mai gidan yana Abuja, na buga masa waya, ya ce, "Kai ne manaja, yi abin da ka ga ya dace."

Abin da na ga ya dace kuwa shi ne in ƙi. Na ɗauka dila ne kawai yake son ya sauke mana kaya, kuma ga tsoron damshi da ƙwari in fulawa ta daɗe a jibge. Har dariya na yi wa masu kwaɓi, na ce me ya haɗa faɗan Turawa da burodin mai shayi a Sabon Layi? Shekara biyar ina buɗe buhun da aka rubuta Legas a jikinsa, ban taɓa tambayar inda alkamar ta fito ba. Ashe niƙa kawai ake yi a nan. Sama da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Najeriya ke ci daga waje jirgin ruwa ke kawo ta, da dala ake biya. Rasha da Yukren kuwa su biyu sun riƙe fiye da rubu'in alkamar da ake fitarwa kasuwar duniya. Da aka toshe tashoshin Bahar Aswad irin su Odesa, ƙasashe kamar Masar da Lebanon, waɗanda daga can suke cin burodi, suka ruga wurin masu sayarwa na Amurka da Kanada da Turai, inda mu ma muke layi. Ko hatsinka bai biyo ta wannan teku ba, farashin zai zo ya same ka har sito.

Bai tsaya ga fulawa ba. Man dizal da muke zuba wa janareta don injin kwaɓi ya ninka a cikin watanni kaɗan, suga da bota suka bi sahu. A watan Mayu Indiya ta hana fitar da alkamarta, ana wata ga wata. Ni kuma a farkon shekarar na riga na yi wa wata makarantar kwana alkawarin burodi a farashi ɗaya har ƙarshen zango, da sa hannuna. Kowace safiya ina kallon motar tana fita da kaya, na san asara ce aka loda.

Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau yake ci min rai shi ne ranar da Alhaji ya tara mu a bakin tanda, gaban yaran da ni na ɗauke su aiki, ya ce tun farko ya umarce ni in saya na yi kunnen ƙashi. Ban tanka ba. Shi ke biyana. Daga nan ya zo da nasa maganin: a rage nauyin kwaɓi, a ƙara yis don burodin ya kumbura ya cika gwangwani, leda da farashi kuma su zauna yadda suke.

Mako biyu da fara haka wani dattijo mai shayi, wanda tun kafin zuwana yake ɗaukar kaya a wurinmu, ya ɗaga burodi guda a tafin hannunsa, ya matsa shi da yatsa biyu har ya lotsa. Ya ce, "Ɗana, wannan iska ce kuka ɗaure a leda. 'Yan dako ke karyawa a wurina, kafin hantsi yunwa ta dawo masu." Ban sami abin ce masa ba. Masu karatu suna ta maganar ƙarancin abinci a duniya, ni a hannun wannan tsohon na gan shi. Na koma na ce wa Alhaji a ƙara kuɗi a fili, a bar sikeli. Ya ce ba da kuɗina aka gina gidan ba.

A watan Yulin 2022 Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka buɗe hanyar fitar da hatsi, farashi ya sauka a can. A nan ko gezau. Shekara ta zagayo Rasha ta fice daga yarjejeniyar, ga cire tallafin fetur, ga naira ta faɗi. Gidaje da dama suka koma wa koko da ƙosai, wasu ko shi sai an yi dabara.

Ga wanda zai gaje ni: umarnin mai gida a waya ba umarni ba ne, nemi ya turo a rubuce. Kada ka ɗaure farashi fiye da wata guda. Ka riƙa sauraron labaran duniya da kunnen ɗan kasuwa. Littafin da na bari babu kwabon da ya ɓace a ciki, a duba.

Yanzu ina sayen alkamar noman rani daga Haɗeja, ina kai wa mata masu alkaki da fankasau a cikin gari. Ribar ba ta kai albashina na da ba. Kwanan baya Alhaji ya aiko yana tambayar nawa zan ba shi buhu. Na faɗi farashin da nake ba kowa, bai sake aikowa ba.