Wai meye aikin darakta ɗan waje?

Jiya na zauna ina duba yadda asusun zuba jari ke aiki a Amurka, irin masu sayen takardun bashin birane da jihohi ɗin nan, kuɗin da ake gina makarantu da tituna da su, kuma yawanci gwamnatin tarayya ba ta cire haraji a kuɗin ruwansa. Abin da ya burge ni wallahi daraktoci 'yan waje ne, ba wai 'yan ƙasar waje ba, daraktocin asusun ne da ba su da alaƙa da manaja, wato kamfanin da ke juya kuɗin asusun. Dokar kamfanonin zuba jari ta Amurka ta 1940 ta ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na daraktocin kar su zama mutanen kamfanin manaja. Galibi tsofaffin akantoci ne ko lauyoyi ko malaman jami'a, duk shekara sai sun sake duba kwantiragin manaja da kuɗin da yake yanka, in ya zarme su ƙi sa hannu.