Mako na bakwai da kwarashi: inda mayafin jaririn ya kai

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon saƙa. Mayafin da na fara saboda sunan jaririn da ƙanwata za ta haifa ya kai falle 9 cikin 24. Da so samu ne da yanzu ina kan na 15, amma hunturu ya shigo Accra, hannuna kuma ba ya shiri da sanyi.

Waɗanda muke zama tare ranar Asabar a Nima sun sani, sababbin ne ba su sani ba: ina fama da lupus. Ciwo ne da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jikin da ya kamata ta tsare, ta taɓa gaɓoɓi da fata, wani lokaci har ƙoda. Cikin masu shi goma, tara mata ne, kuma ya fi kama mace tsakanin shekara 15 zuwa 45. Ni a hannu ya fi zauna min.

Da asuba nakan tashi yatsu sun sandare, gaɓoɓin sun kumbura dama da hagu, ko dunƙule hannu ba na iyawa sai rana ta ɗaga. In na kuskura na yi alwala da ruwan da ya kwana a bokiti, kan yatsun sai su yi fari fat kamar babu jini, su koma shuɗi-shuɗi, sannan su yi ja suna zogi. Likitata a asibitin Korle Bu ta ce sunan wannan Raynaud, ƙananan hanyoyin jini ne ke tsukewa in sun ji sanyi. Ko ledar ruwa na ɗauko daga firij haka suke yi. Yanzu da filas na ruwan ɗumi nake kwana, kuma ba na taɓa zare sai na tsoma hannu cikin ɗumi kamar minti goma.

Abin da ya fi yi min amfani a makonnin nan shi ne canza kwarashi. Na fara da siririn ƙarfe mai milimita 2.5, ina riƙe shi kamar biro, babban yatsa da manuni suna matse shi. Kafin in gama layi biyu gindin babban yatsan ya ɗau zafi. Na koma mai milimita 4, na naɗe marikin da tsumman atamfa har ya yi kaurin muciya ƙarama, na ɗaure da roba, sannan na koma riƙe shi kamar wuƙa, cikin tafin hannu. Kwana uku saƙar tana fita a karkace, na huɗu hannu ya saba. Zaren auduga ma na ajiye shi, ba ya miƙewa, kowace ja sai wuyan hannu ya ji a jikinsa. Na sayo zaren ulu mai laushi a kasuwar Makola, da sassafe na je da lema, don rana ma tana tayar da ciwon.

Akwai dalilin da ya sa na damu da riƙon nan. Likitar ta nuna min cewa a wasu masu lupus yatsu kan fara karkata zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Ba ƙashi ne ke cinyewa ba, jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ne ke saki. Ta ce motsa hannu yana da kyau, matse shi da ƙarfi tsawon lokaci ne ba a so.

Na ji wannan magana, amma a mako na biyar na saɓa. Ranar na tashi garau, na zauna bayan azahar ban ajiye kwarashi ba sai da aka kira magariba. Washegari ko maɓallin riga na kasa ɓallewa, Mama ce ta ɗaura min kallabi, ita ta tuƙa tuwo, wankin da na jiƙa ya kwana biyu babu mai matsewa. Falle biyun da na saƙa a ƙarshen zaman kuma sun fi sauran ƙanƙanta, don hannu in ya gaji matse zare yake yi ba ki sani ba. Warware su na yi. Tun daga nan minti 20 nake yi, waya ta yi ƙara in ajiye, in buɗe yatsu a kan cinya, in huta.

Wata baiwar Allah ta ce min wannan jifa ne, in bar ƙwayoyin asibiti. Na san don ƙauna ta faɗa, amma don Allah kar mu riƙa faɗa wa mara lafiya haka. Addu'a ina yi, maganin lupus ɗina, hydroxychloroquine, ma ina sha kullum, ina kuma zuwa duba ido duk shekara saboda shi.

Saura mako shida haihuwa, in Allah ya yarda. Falle uku a mako zai ishe ni. Haɗa su ne ke ba ni tsoro, don allura siririya ce ga yatsuna. Hajiya, ke da kika ce ana iya haɗawa da kwarashi, zan zo da guda tara ɗin ranar Asabar ki nuna min.