Wasiƙa daga Istanbul: Alhaji, Hajiya, a Bar wa Garin Nan Yini Guda

Zuwa ga 'yan uwa da abokan arziki na gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kowa yana lafiya. Ya hunturu, ya ƙura? Ina rubuto muku ne daga Istanbul, inda na zo hutun sabuwar shekara daga Ankara, garin da nake karatu. Jirgin ƙasa mai gudu ne ya kawo ni, tafiyar awa huɗu da 'yan kai.

Sanyi na iske, irin mai tafe da yayyafi da iskar teku, wanda ke ratsa riga komai kaurinta. Ga dare ya yi tsawo: rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:30, kuma kafin 6:00 na yamma an kira magariba. Agogon nan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, don haka lokacin da muka shiga sabuwar shekara, ku a gida goma na dare ce ta buga.

Ranar 1 ga Janairu hutu ce a Turkiyya, ƙasar da ta koma kalandar miladiyya tun 1926. Baƙo zai ga bishiyoyi masu fitilu a manyan kantuna da mai jajayen kaya da farin gemu, ya ɗauka Kirsimeti ake yi, alhali ranar 25 ga Disamba kowa na wurin aikinsa. Duk adon nan na sabuwar shekara ne. A unguwar Eminonu da ke bakin ruwa mutane sun yi dogon layi cikin sanyi don sayen tikitin cacar ƙarshen shekara, yayin da wasu ƙungiyoyin addini suke cika ɗakunan taro a daren suna tuna buɗe Makka. Na bi titin Istiklal da yamma, cunkoso ba masaka tsinke, 'yan sanda a kowace kusurwa. Tun harin da aka kai wani gidan rawa a daren sabuwar shekarar 2017, inda mutum 39 suka rasu, hukuma ba ta wasa da tsaron wannan dare. Na sayi gasasshen kestane, wani ɗan itace da ake gasawa a bakin titi, na koma masauki da wuri, domin abin da ya kawo ni yana can da asuba.

Asubar farko ta shekara a unguwar Ayyub Sultan na yi ta. Nan ne kabarin Abu Ayyubal Ansari, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, ya zama mai masaukin Annabi har aka gama ginin masallaci. Dukanmu mun ji labarinsa a Islamiyya, yadda ruwa ya zube musu a bene shi da iyalinsa, suka sa mayafinsu guda ɗaya suna tsane shi don kada ya ɗiga kan baƙonsu. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne ƙarshen labarin. A zamanin Mu'awiya, bayan ya tsufa tukuf, ya bi rundunar da ta nufo wannan birni. Ciwo ya kama shi a hanya, ya yi wasiyya a ɗauki gawarsa a kutsa da ita iya inda aka iya kaiwa, aka binne shi kusa da ganuwar garin. Sai bayan kusan shekara 800, da Sultan Muhammadu Fatih ya ci garin a 1453, aka gina masallaci a gefen kabarin. Girgizar ƙasa ta lalata na farkon, wanda ake salla a ciki yanzu an kammala shi a 1800.

Na isa da duhu, amma masallacin ya cika, har an shimfiɗa tabarmi a farfajiya a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara. Wani dattijo da ke gefena ya ga hannuna na rawa, ya zare ɗaya daga cikin safar hannunsa ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Bayan an idar aka shiga layin ziyara, maza gefe, mata gefe, kowa ya tsaya ɗan lokaci a gaban tagar ƙarfe ya yi sallama ya wuce. A waje wasu bayin Allah suna rabon miya mai zafi kyauta. Zuciyata ta karye a wurin nan. Mutumin da ya bai wa Annabi ɗaki, ga shi kwance dubban kilomita daga Madina, kuma har yau ba a bar shi shi kaɗai ba.

To, a nan ne maganata take, musamman ga iyayenmu da yayyenmu masu zuwa sari. Unguwar Laleli ba baƙuwarku ba ce. Kun san shagunan abaya da na takalma da labule, kun san ofisoshin kago da ke auna kaya su tura Kano, har kun iya ciniki da kalkuleta idan harshe ya gaza. Na sha taya wasunku tafinta, kuma da farin ciki nake yi. Amma sau da yawa na raka mutum filin jirgi, ya shekara biyar yana zuwa garin nan, abin da ya sani bai wuce otal da shago da gidan abincin 'yan Afirka a Aksaray ba. Idan na ce Alhaji mu je ka ga wuri kaza, sai ya ce, "Yaro, ai ba yawo ya kawo ni ba." Na fahimta, kuɗin otal da dala ake biya, kuma shago na jira a Kantin Kwari. Duk da haka abin yana yi mini ciwo, saboda na san abin da kuke bari a baya.

Daga Laleli zuwa masallacin Sulaimaniyya tafiyar minti 15 ce ko 20 a ƙafa, sai dai akwai hawan tudu. Babban magini Sinan ne ya gina wa Sultan Sulaiman shi tsakanin 1550 da 1557. Ku ɗaga kai idan kun shiga, za ku ga ƙwan jimina rataye a tsakanin fitilu, an ce don korar gizo-gizo. Can sama da babbar ƙofa akwai wani ɗan ɗaki. A zamanin da ake kunna ɗaruruwan fitilun mai, Sinan ya tsara yadda iska za ta riƙa jan hayaƙin zuwa ɗakin, don kada bango ya yi baƙi, sannan a kankare kunkunniyar a haɗa tawada da ita. Duk wanda ya taɓa dafa tawada a makarantar allo zai gane darajar wannan dabara.

Masallacin kuma ba shi kaɗai aka gina ba. An kewaye shi da makarantu, da asibiti, da makarantar koyon aikin likita, da gidan wanka, da masaukin matafiya, da ɗakin girki inda ake ciyar da mabuƙata kullum. Waƙafi ne ya riƙe su duka: gonaki da shaguna da aka keɓe, kuɗin hayarsu na biyan liman da likita da mai shara. Wannan shi ne abin da na fi so masu hali daga cikinmu su gani da idonsu, domin muna da masu gina masallaci da yawa, Allah ya saka musu, amma kaɗan ne ke barin abin da zai riƙe shi bayan ransu. Kabarin Sinan yana wata kusurwa a bayan ginin, ɗan ƙarami, idan ba a nuna maka ba sai ka wuce. A gaban masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka yi suna da dafa farin wake cikin miyar tumatir, ana haɗawa da shinkafa. Na ci faranti guda, na ƙara.

Aya Sofiya kuwa tasha uku ce daga Laleli a jirgin cikin gari. A matsayin coci aka kammala ta a 537, ta koma masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan aka dawo da salla a cikinta a Yulin 2020. Da yake ba don alƙibla aka gina ta ba, mihirabin ya ɗan karkace daga tsakiya, sahu ma a karkace yake da ginin. A sama ga manyan alluna masu da'ira ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Mai salla ba ya biyan komai. Masu yawon buɗe ido ne ake sayar wa tikitin hawa bene. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantarta, fili ne kawai a tsakani.

A bayan Aya Sofiya fadar Topkapi take, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, inda aka adana kayan tarihin da Sultan Salim ya kawo bayan ya ci Masar a 1517, ciki har da alkyabba da takubba da ake dangantawa ga Manzon Allah. A ɗakin da aka ajiye su alarammomi suna karɓa-karɓa da karatun Alƙur'ani dare da rana. Ina tsaye a farfajiyar na tuna cewa a shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Borno ya aiko da jakadu wurin Sultan Murad na uku. Mutanenmu sun keto hamada sun hau teku sun zo nan tun ba a san jirgin sama ba.

Da la'asar na shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar. Da katin da ake shiga bas ake biya, kuma cikin kamar minti 20 ka bar nahiyar Turai ka sauka Asiya. Ana zagayawa da shayi a ƙananan kofunan gilashi, yara suna gutsurar simit, burodin nan mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, suna jefa wa tsuntsayen teku suna cafewa a iska. Birni ne mai mutum sama da miliyan 15, amma daga kan ruwa ne kaɗai za ka gan shi a shimfiɗe, ƙubba bayan ƙubba.

Ga wanda ya yarda da roƙona, Lahadi ta fi dacewa, tunda babbar kasuwar rufi a kulle take ranar, shaguna da dama ma haka, ba cinikin da za a rasa. Topkapi kuma Talata take rufewa. A taho da takalmi mai kauri wanda ba ya santsi, domin titunan dutse ne kuma tudu ya yi yawa. Idan za a shiga tasi a tabbata direba ya kunna mita. Ɗalibanmu suna nan da yawa, kuma ban san wanda zai ƙi raka babba zuwa wurin Abu Ayyuba ba.

Jibi zan koma Ankara, jarrabawa na jira. A sa mu a addu'a. A gaida iyaye da yara, Allah ya sa mun shiga shekarar a sa'a, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku a Turkiyya