Tukuicin dole ma sai an biya masa haraji

Jama'a, wanda zai kai tawaga cin abinci a jihar Kalifoniya ta Amurka ya buɗe ido ya karanta rasit. Mun je walimar sunan ɗan abokinmu a wani gidan abinci, mu goma sha biyu. Da takardar kuɗi ta zo, sun riga sun ɗora kashi 18 cikin 100 na tukuicin masu kawo abinci, wai haka ƙa'idarsu take idan mutane sun kai takwas. Wannan bai dame ni ba, yaran sun yi ɗawainiya da mu sosai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne harajin ciniki da aka lissafa har a kan tukuicin.

Ashe doka ce. A Kalifoniya, tukuicin da ka bayar don ganin damarka ba ya shiga haraji, amma da zarar gidan abinci ya wajabta shi, ya zama kuɗin abincin. A jihar New York kuwa ba a cajin haraji a kansa, muddin an rubuta shi daban a rasit da sunan tukuici, kuma an miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya. Ƙasa ɗaya, doka kashi-kashi.

Tun 2014 ma hukumar harajin tarayyar Amurka ke lissafa irin wannan kuɗi a matsayin albashi, shi ya sa wasu gidajen abinci suka daina ɗora shi.

Alhaji da ya biya dai bai ce uffan ba, sai da muka shiga mota ya fara mita.