Inda ƙarar jita ke zurarewa a akwatin sauya fedoji

Allon da na gyara na wani ƙanena ne mai kaɗa jita a bukukuwa nan Damagaram: fedoji 5 (ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa su sauya sautin jita), da akwatin sauya layi mai zagaye 4, kowane zagaye da ramin fita da ramin dawowa. Kukansa shi ne in jita ta tafi ampili kai tsaye tana da ƙarfi, in ta bi ta allon sai ta yi sanyi, musamman idan ya taka zagaye na 3. Har ya fara maganar sayen fedar ƙara ƙarfi. Na ce masa ya dakata tukuna, don feda irin wannan tana ɗaga sauti ne tare da duk shuuu ɗin da ke cikinsa, ciwon kuma yana nan.

Abin farko, sai an bambance raguwar ƙarfi da dusashewar kaifi, domin kunne yana haɗa su. Na jona jita da ampili da waya mai mita 3, na manna salatif a kan maɓallan ampili don kada hannu ya motsa su. Kaɗawar yatsa ba ta zama ma'auni, ta yanzu daban ta anjima daban. Saboda haka na sa wayar salula ta fitar da sauti ɗaya tsayayye na 400 Hz, na shigar da shi bakin allon, na auna bakin fita da mitar awon lantarki a sashen AC. Kada a haura 400 Hz, ƙananan mitoci ba su karanta abin da ya wuce haka daidai. In lambar ta faɗi zuwa rabi, an yi asarar 6 dB ke nan (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne).

Daga nan na cire fedojin duka, na ɗauki gajeriyar waya ɗaya da na tabbatar da lafiyarta, ina haɗa ramin fita da na dawowa zagaye bayan zagaye. In sauti ya ragu alhali babu feda a tsakani, laifin akwatin ne. Zagaye na 1, na 2 da na 4 suka wuce lafiya. Na 3 ya faɗi, kuma in na girgiza kan jak ɗin, wato bakin wayar da ake zurawa a rami, sai lambar ta yi ta rawa. Da na kwance akwatin, harshen ƙarfen da ke danne kan jak ya saki, ga ja-jan ƙura ta kwanta a kansa ta haɗu da maiƙo. Duk wanda ya yi wasa a fili lokacin hunturu ya san inda ta fito. Na fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, na zura jak na fitar sau da yawa, na ɗan lanƙwasa harshen ciki, na sabunta dalmar ƙafafunsa. Mahaɗa mai lafiya ba ta kai om 1 ba a mita (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). WD-40 na gyaran babur kada ya kusanci wurin, man da yake bari shi ke kama ƙurar gobe.

Ƙarfi ya dawo a mita, amma da na mayar da jita sautin bai gama buɗewa ba. Nan ne gwajin salula ke yaudara: wayar salula tana tura sauti da ƙaramin impidans (turjiyar da sauti ke gamuwa da ita a layin lantarki), ba ta damu da nauyin da ke gabanta ba, ita kuwa jita mara batir tana son ta tarar da kusan megom 1 (om miliyan ɗaya) a gabanta. Fedar ɗaga ƙara da rage ta da ke farkon allon, da na auna ta, 25k ce (om dubu 25), irin wadda ake yi wa kibod da jita mai batir. Jita mara batir 250k take so. Kamfanin Boss ma ya raba su: FV-500H ta jita, FV-500L ta kibod. A kayan gwanjo ba mai gaya maka wannan, sai dai ka auna. Ban jefar da ita ba, na mayar da ita bayan bafa, wato abin da ke karɓar sauti da babban impidans ya fitar da shi da ƙarami, inda 25k ba ta cutar da komi.

Bafar kuwa tana kan allon tun da can, ba a san amfaninta ba. Tana cikin tuna ɗinsa ne, wato fedar saita igiyoyin jita. Boss TU-3 ce, tana karɓa da megom 1 tana fitarwa da kilo-om 1, ko an taka ta ko ba a taka ba, muddin tana da wuta. Na kawo ta gaba da akwatin. Wannan ya rage matsalar tsawon waya ma: kowace mita tana ɗauke da kusan pikofarad 100 na nauyin da ke cinye kaifin sauti, in aka tara mita 6 daga jita, da ƴan gajeru na allo, da wata mita 6 zuwa ampili, kaifin sauti ya tafi. Mai fedar fuz (mai ƙarzaza sauti) ta tsohon yayi ne kawai zai bar ta gaban bafa, don ita kai tsaye take son jin jita.

Wuta na duba a ƙarshe. A auna ta fedoji suna kunne, a bakin da ya rage a jerin wayar, ba a adafta ita kaɗai ba. Ya kamata a ga kusan bolt 9. Fedar oba-diraib (mai kausasa sauti) wuta kaɗan take ci, amma dile na dijital (mai maimaita sauti) da rile na cikin akwatin (makunnin da wuta ke motsawa) suna ja sosai, kuma in wuta ta gaza rile ba ya kamawa da kyau. Adaftarsa ba ta da abin daidaita wuta, a wurin biki kuwa duk lokacin da janareto ya yi nishi ita ma sai ta bi shi. Na tara miliyamfiya da aka rubuta a jikin kowace feda, na sa adafta mai daidaitawa wadda ta zarce jimlar da rata, mai negatif a tsakiyar baki kamar yadda Boss ke so.

Fedar tiremolo har yanzu tana ɗan rage ƙara in an taka ta. Wannan halinta ne, yanka sauti take yi, don haka na bar ta yadda take.