Baƙar Citroën ta 1938 da ta mayar da ni ɗan koyo

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa mota kafin wannan tsohuwar Citroën ta shigo hannuna, amma mako guda ya ishe ta ta nuna mini cewa rabin abin da nake kira tuƙi motocin zamani ne suke yi mini shi ba tare da na sani ba.

Na fara ganinta ne a wani gida da ke cikin Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram, ranar da na je ta'aziyyar wani dattijo abokin mahaifina. An ɗora ta a kan bulo a cikin wani ɗaki mai faɗin ƙofa kusa da zaure, an lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi, hancinta kawai ya leƙo waje da alamar nan ta Citroën mai kama da kan mashi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Zaman makoki ba wurin ciniki ba ne, saboda haka na haɗiye maganar har aka yi sadakar arba'in aka kuma raba gado, sannan na tura dillali. Magada sun ce tun zamanin cinikin gyaɗa take gidan, kuma an fi shekara talatin ba a ji kukan injinta ba. Mun yi zama uku ana cewa albarka kafin babban ɗan marigayin ya sallama, a kan kuɗin da zai sayi sababbin babura biyu. Uwargidana da ta ji labari cewa ta yi: "Malam, da baburan ka saya, ai da yanzu wani yana yi mana kabu-kabu da su." Ban ba ta amsa ba, domin ta fuskar lissafi gaskiyarta ce.

Takardarta ta nuna 1938, kuma jikinta bai ƙaryata takardar ba. Samfurin da Faransawa suke kira Traction Avant ce, ƙaramin nau'in da ake ce wa 11, mai injin silinda huɗu na cc 1911. A gefen murfin injin tana da ƴan tagogi da ake buɗewa da hannu, waɗanda aka maye gurbinsu da tsage-tsage a motocin da aka ƙera bayan yaƙin duniya na biyu, tayar canji kuma a bayan but take, daga waje. An fara ƙera irinta a 1934, kuma a lokacin abin mamaki ce, domin tayoyin gaba ne suke jan ta, ba ta da wani shasi dabam da aka ɗora jiki a kansa, birkinta kuma na mai ne. Kuɗin da aka kashe wajen fito da ita yana cikin abin da ya karya kamfanin a ƙarshen wannan shekarar, kamfanin taya na Michelin ya karɓe shi, wanda ya kafa shi André Citroën kuma ya rasu a 1935 bai ga cin kasuwarta ba. Sunan Citroën ma ba baƙo ba ne a garin nan, tunda a ƙarshen 1924 ayarin motocinsa takwas masu sarƙa a baya, waɗanda suka ratso Sahara daga Aljeriya, sun yada zango a Damagaram a kan hanyarsu ta zuwa Tafkin Chadi, lokacin garinmu ne hedikwatar Nijar, kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

Fitar da ita daga Birni aiki ne na yini guda, saboda lungunan unguwar ba don mota aka yi su ba, ita kuma ba ta iya juyawa a matsattsen wuri. Da igiya da ƙarfin samari aka kai ta bakin titi.

Mutumin da ya tashe ta wani tsohon makanike ne a Sabon Gari, wanda ya koyi aiki yana yaro a lokacin da sauran irin waɗannan motoci suke yawo a gari. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam idan ransa fari ne, yaro idan na yi ɓarna. Kalmomin aikinsa na Faransanci ne da suka narke a bakin Bahaushe, vites da ambirayaj da buji, amma a nan zan rubuta giya da kuloci da fulogi don ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka. Abin da ya fara yi shi ne kwanciya a ƙarƙashinta da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa ƙarfen yana saurare, domin motar da ba ta da shasi, idan tsatsa ta ci ƙasanta, ƙashin bayanta ne ya karye. Da ya fito ya kaɗe rigarsa ya ce busasshiyar iskar ƙasar nan ta yi mini gata. Gara da ɓeraye sun gama da kujeru, duk wata roba ta bushe ta farfashe, lagireto ya toshe, amma ƙarfen lafiya lau yake.

Wata tara muka yi ana gyara. Sa'ar da na ci ita ce an ci gaba da ƙera samfurin har 1957, an fitar da kusan 760,000, don haka har yau ana yin sababbin kayan gyaranta a Turai, kuma wani ɗan ƙanena da ke karatu a Faransa ya riƙa aiko mini da ƙanana daga ciki. Tayoyi ne suka fi ba ni wuya, domin awonsu 165 × 400 ne, ba a samunsu a Kasuwar Dole, ba a samunsu a Kano. Mun kuma yi gardama a kan lantarki. Batirinta mai volt 6 ne, ni kuwa na so a mayar da ita 12 kamar kowace mota, don fitila ta yi haske kuma sayen batir ya yi sauƙi. Baba ya ƙi. Ya ce waɗanda suke zargin volt 6 da rauni siraran wayoyi suke sa mata, ya nemo masu kauri, ya kankare duk mahaɗar da ta taɓa jikin ƙarfe har ta yi ƙyalli. Yanzu ina ganin ya fi ni gaskiya a kan tayar da inji, ko da yake a kan fitila har gobe ni ne mai gaskiya, shi ya sa ba na kai magariba a waje da ita.

Tayar da ita da safe ma sai da aka koya mini. Idan ta kwana biyu a ajiye, sai an buɗe murfin inji an danna ɗan hannun famfon mai har fetur ya hau. A gaban direba akwai maɓallai biyu da ake ja, ɗaya da harafin S, ɗaya da D, kuma duk wanda ya saba da kalmar sitata zai ja S ya zauna yana jira, alhali shi wannan iska yake rage wa injin don mai ya yi yawa lokacin sanyi, D ne yake juya injin. Akwai kuma wani maɓalli na gaggauta wutar fulogi ko jinkirta ta, aikin da motar yau take yi da kanta. Idan batir ya yi sanyi, sai a koma ga manibel, ƙarfen da ake zurawa ta hancin motar a juya injin da hannu. A nan Baba bai yi mini wasa ba ko kaɗan. Ya ce a jinkirta wuta tukuna, babban yatsa ya kwanta tare da sauran yatsu kada ya zagaye ƙarfen, kuma sama ake fizga, ba a dannawa ƙasa, domin idan injin ya yi tutsu ya juyo baya, wuyan hannu yake karyawa. Ranar da ta mutu mini kusa da tasha, yara suka taru suna cewa a tura, na kusa yarda, sai na tuna ya hana ni wannan tun ranar farko, saboda akwatin giyarta, wanda yake can gaban injin, ba ya jure fizgar tayarwa da turi.

Giyar ce ta fi ƙasƙantar da ni. Sandar ba a ƙasa take ba, daga allon gaba take fitowa, a lanƙwashe kamar cokali, giya uku ne na gaba da ribas, ta farko da ta uku a ƙasa, ta biyu da ribas a sama. Sandar ba ta motsi sam sai an taka kuloci, domin an yi mata makulli don kada nauyinta ya fitar da ita daga giya a kan gargada. Ta biyu da ta uku suna da abin da yake daidaita gudun haƙoransu kafin su haɗu, amma a hankali yake aikinsa, mai gaggawa kuwa ƙara zai ji. Ta farko ba ta da shi ko kaɗan. Idan mota tana tafiya kana son komawa ta farko, sai ka taka kuloci ka fitar da giya, ka saki kuloci, ka ɗan taɓa totur don haƙoran ciki su kamo gudun tayoyi, ka sake taka kuloci, sannan ka shigar. A rubuce abu ne mai sauƙi. A wani fili na jar ƙasa a bayan gari, inda muka yi mako uku muna zagaye bayan sallar asuba, na sa akwatin nan ya yi kukan da har yanzu nake jin kunyarsa. Duk lokacin da haƙora suka gwaru, Baba yakan dafe ƙirji kamar shi aka soka. Wata rana ya ce: "Yaro, ka daina kallon allura. Ita ba ta san ido ba, kunne ta sani." Ya sa na tsaya, ya karɓi sitiyari, ya zagaya filin sau biyu yana hawa da sauka a giya ba tare da ko ƙis ba, ga shi hannunsa yana rawa idan ya ɗauki kofin shayi.

Abin da na gane daga baya shi ne cewa akwai wani sauti da injin yake yi idan gudunsa ya yi daidai da na mota, kuma a daidai wannan lokacin sandar tana faɗawa da yatsa biyu. Ba a iya bayyana sautin da baki, shi ya sa Baba bai taɓa ƙoƙarin bayyana shi ba, maimaitawa kawai ya sa ni yi har ƙafata ta riga tunanina.

Shiga gari wani karatu ne dabam. Birkin na ganga ne a tayoyi huɗu, ba shi da abin da yake ƙara wa ƙafa ƙarfi, saboda haka tazarar da nake bari tsakanina da na gaba ta ninka wadda na saba, ƴan kabu-kabu kuwa suna ɗaukar wannan tazara a matsayin gurbin da aka tanadar musu. Sitiyarin yana da nauyin gaske idan mota tana tsaye, amma da zarar ta motsa sai ya yi laushi, kuma yana kai ta daidai inda aka nufa. A kwana, ba ta son a shiga da gudu sannan a ɗaga ƙafa a tsakiya. Tun daga nesa ake rage gudu, a shiga a hankali, a bar tayoyin gaba su ja ta su fitar, a nan ne kuma mutum yake gane abin da ya sa aka yi ta yabonta a zamaninta, domin tana kwanciya a kan hanya kamar an manna ta. Tawa ba ta da sigina, da hannu nake nuna inda zan bi. Ƙofofin gaba ta gaba suke buɗewa, maƙalansu a baya, wanda ke sa shiga da babbar riga ya yi daɗi, amma idan ba a rufe da kyau ba iska ce za ta fizge ƙofar, kuma babu bel da zai riƙe mutum. Rairayi kuma abokin gabarta ne ta hanya biyu, tana da ƙasa ƙwarai don haka cikinta yana zama a kan yashi, ƙura kuma tana cin mahaɗan sandunan da suke juya tayoyin gaba idan aka yi sakaci da giris.

Sai zafi. A watan Afrilu, lokacin da rana take wuce digiri 40, ba na fitar da ita bayan hantsi, kuma kullum akwai jarkar ruwa a bayan kujera. A garin da aka san darajar ruwa kamar Damagaram, maƙwabcina ba ya gajiya da tsokanata cewa na ƙaro wani baki a gidan da mai garuwa zai riƙa shayarwa. Gilashin gaba yana buɗewa daga ƙasa, iska ta shigo ta bugi ƙirji, kuma a gudun kilomita sittin wannan ya wadatar, in ban da lokacin hunturu da ƙurar take shigowa tare da ita.

Tafiyarmu ta farko ta wajen gari Mirya muka je, kilomita 18 a kan hanyar Gure, wata safiyar Lahadi. Baba ya zauna a gefena da hularsa a gwiwa, bai ce uffan ba tun daga fitarmu har muka tsaya a inuwa kusa da lambuna, inda wani dattijo ya zagaya motar sau biyu, ya shafa alamar hancinta, ya ce rabonsa da irinta tun yana ɗan makaranta. Na buɗe tagogin murfin inji don ta sha iska, na duba ruwa da baƙin mai kamar yadda aka koya mini, muka sayi kayan lambu muka juyo. Sai da na tsaya a ƙofar garejinsa na kashe inji, ya fita ya rufe ƙofar da hannu biyu, sannan ya sunkuyo ta taga ya ce: "Malam, ta biyu ta yi ƙara sau ɗaya a shataletale. Ka kawo ta ranar Laraba mu sa giris."